Shin Ko Kun San? Garin da Tsofaffin Motoci Ke Yi wa Tsinke Duk Shekara

Shin ko kun san akwai wani gari a arewacin Italiya da duk shekara yake tara tsofaffin motoci sama da 400, kuma autar cikinsu ta ba shekara 65 baya? Sunan garin Brescia. Sunan bikin Mille Miglia, wato Mil Dubu. Motocin sukan tashi daga Brescia, su gangara kudu har birnin Rum, su juyo su dawo gida. Da tayoyinsu fa, ba a bayan tirela ba!

Ku fara riƙe wannan. Motar da aka ƙera bayan 1957 ba ta da gurbi a cikin gasar. Sharaɗin ma bai tsaya nan ba. Dole sai irin samfurin motar ya taɓa shiga tseren asali, wanda aka yi tsakanin 1927 da 1957. Mutum na iya zuwa da motar miliyoyin Yuro a ce masa ya koma da abarsa, don 'yan uwanta ba su taɓa yin gudun ba. Asali ake bincika, da takardu, da rajista. Bayan duk wannan kuma sai ka biya kuɗin shiga da ya haura Yuro 10,000. Duk da haka masu nema sun fi guraben yawa.

To me ya kawo wannan duka? Haushi! A 1921 aka yi babbar gasar tseren motoci ta Italiya karo na farko, a Montichiari, dab da Brescia. Shekara na zagayowa sai mutanen Milan suka gina filin tsere a Monza, cikin kwana 110 kacal, suka ɗauke gasar. Abin ya tsaya wa mutanen Brescia a maƙoshi. A watan Disamba na 1926 mutum huɗu suka zauna: Aymo Maggi, Franco Mazzotti, Renzo Castagneto da ɗan jarida Giovanni Canestrini. Suka ce tunda an ƙwace musu fili, to ƙasar gaba ɗaya za su mayar fili. Kun ji masu zuciya.

Nisan fa? Kusan kilomita 1,600. Daga Kano zuwa Legas a mota kusan kilomita 1,000 ne, to ku ƙara fiye da rabin wannan a kai. Kuma a tashi ɗaya, dare da rana, a kan hanyar da kowa ke bi, ta cikin ƙauyuka da kasuwanni da mararrabar jirgin ƙasa da kan duwatsu. Tirƙashi!

Ranar 26 ga Maris, 1927 aka buɗe fage. Motoci 77 suka tashi. Nawa ne kuɗin shiga? Lira ɗaya tak! Ferdinando Minoia da Giuseppe Morandi suka dawo Brescia bayan awa 21 da minti 4 da daƙiƙa 48. Ga inda daɗin yake: motarsu OM ce, kuma a Brescia ɗin ake ƙera OM. Ta biyu OM. Ta uku ma OM. Gari ya rama, har da riba. Shi ya sa har gobe, a bikin da ake yi yanzu, motocin OM ake ba lambobin farko, su ne ke fara hawa dandamalin tashi a titin Viale Venezia.

Alamar tseren jar kibiya ce da aka rubuta 1000 Miglia a jikinta. Tun asali ita ake kafawa a bakin hanya don nuna wa direba inda zai karya kwana. Yau idan lokacin biki ya zo, ko'ina ka duba a Brescia ita ce: a tagogin kantuna, a tutoci, a hular yara.

Shin ko kun san wanda ya ci a 1928 da 1929 mawaƙi ne? Giuseppe Campari, ƙaton mutum mai son girki da ci, mai ƙatuwar murya, wanda ya ɗauki waƙar opera da gaske har yana hawa dandamali. Alfa Romeo ya tuƙa. Daga nan Alfa Romeo ta kama abin ba sassauci. A cikin tsere 24 da aka yi, ta ci 11. Ferrari ta ci 8. Mercedes 2. OM da BMW da Lancia kowacce ɗaya. Ku lissafa, 24 cif.

Ga labarin da har yau ake ba yara a Italiya. Shekarar 1930, da asubar fari, Tazio Nuvolari ya hango fitilun abokin hamayyarsa Achille Varzi a gabansa. Wai sai ya kashe tasa fitilar, ya bi shi a cikin duhu da gudun tsiya, don kada Varzi ya ga haske a madubi ya ƙara wuta. Sai da ya zo dab da shi ya kunna fitila, ya wuce fiu! Abin dariyar shi ne, bayan Varzi aka sallami Nuvolari daga Brescia, don haka tun da ya cim masa ya riga ya ci shi a agogo. Wucewar neman magana ce kawai. A ranar ne aka fara kammala tseren da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 100 a awa.

Baƙi kuwa sun sha wuya. Sau uku kacal wanda ba ɗan Italiya ba ya ci: Bajamushe Rudolf Caracciola a 1931, wasu Jamusawan biyu a 1940, sai Baturen Ingila Stirling Moss a 1955. Sauran 21 duk 'yan gida ne. Ba mamaki. Su suka san kowane rami da kowace kwana.

Kun taɓa jin motar tsere mai cin gawayi? An yi ta a nan. A shekarun 1930, musamman bayan da aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi saboda mamaye Habasha, batun mai ya zama abin damuwa. Sai ga motoci a layin tashi ɗauke da tukunyar ƙarfe, ana ƙona gawayi a ciki, iskar da ke fita ita ke juya inji. Ba su yi abin a zo a gani ba wajen gudu, amma dai sun shiga.

Mata fa? Tun 1928 Maria Antonietta Avanzo ta shiga da motar Chrysler. Har yanzu akwai kofi na musamman da ake ba motar da mata biyu suka tuƙa.

A 1938 abin ya yi muni. Wata mota ta ƙwace a birnin Bologna ta afka cikin 'yan kallo, mutum 10 suka rasu, 7 daga cikinsu yara. Gwamnatin Mussolini ta hana tseren 1939. To ina aka kai shi? Nahiyarmu! A waccan shekarar aka yi makamancinsa a Libiya, wadda ke hannun Italiya a lokacin, daga Tobruk zuwa Tarabulus a kan titin bakin teku, kusan kilomita 1,500. Wa ya ci? Ercole Boratto. Wane ne shi? Direban Mussolini!

Na 1940 kuwa suna kawai ya ara. Bai je Rum ba. Zagaye tara aka yi a kan hanya mai kusurwa uku tsakanin Brescia da Cremona da Mantova. Amma ku lura da wasu motoci biyu da suka shiga a ranar. Sunansu Auto Avio Costruzioni 815. Su ne motocin farko da Enzo Ferrari ya ƙera da kansa, sai dai yarjejeniyar rabuwarsa da Alfa Romeo ta hana shi sa musu sunansa. Dukansu biyun sun lalace a hanya. Ferrari ke nan fa, ranar farko!

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai har 1947. Ya kuma ci ɗaya daga cikin mutum huɗun nan: Franco Mazzotti matuƙin jirgin sama ne, an harbo shi a 1942.

Bayan yaƙi sai ga Nuvolari ya dawo, ya haura shekara 50, ga ciwon huhu. A 1948 aka ba shi Ferrari. Yana kan gaba, motar tana zubewa. Madigadi ya tafi. Bonet ya tafi. Kujera ta karye. Masu ba da labari sun ce buhun lemo ya samu ya zauna a kai ya ci gaba. Sai a kusa da Reggio Emilia motar ta ce ta gaji, ya haƙura. Clemente Biondetti ya ci, mutumin da ya ɗauki kofin sau huɗu: 1938, 1947, 1948 da 1949. Ba wanda ya kamo shi.

Wannan zai ba ku dariya. A 1950 wani ɗan masu kuɗi, Giannino Marzotto, mai shekara 22, ya ci tseren sanye da kwat da nakatayal. Awa 13 da ɗoriya a cikin ruwan sama da ƙaurin mai, ya fito kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gidansu masu masaƙa ne. Wace talla ta fi wannan?

Yanzu ku dubi lambobin da ke jikin motocin tseren asali. Ba lambobin banza ba ne, agogo ne! Daga 1949 zuwa 1957, lokacin tashin mota shi ne lambarta. Mota mai lamba 531 ta tashi ƙarfe 5:31 na asuba. Ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, ƙananan tun da dare, manyan sai gari ya waye. Don haka ɗan kallo da ke tsaye a bakin hanya, in yana da agogo a hannu, da kansa zai lissafa wanda ke kan gaba.

Kuma a wancan zamanin kowa na iya shiga. A shekarun 1950 motocin da ke tashi sun taɓa haura 500. Ga Ferrari mai ruri, ga Fiat Topolino 'yar mitsitsiya, ga Renault 4CV, ga Citroën 2CV, ga mota mai shan gas. Har Isetta ta shiga a 1954, motar nan mai siffar ƙwai wadda ƙofarta ɗaya ce, a gaba, in ka buɗe ta sitiyari ya biyo ta. Ta je Rum ta dawo lafiya lau!

Sai mu zo kan lamba 722. A nan zan ɗan daɗe, don ta cancanta.

Ranar 1 ga Mayu, 1955, ƙarfe 7:22 na safe, Stirling Moss, mai shekara 25, ya tashi da Mercedes 300 SLR. A gefensa wani ɗan jarida ne gajere mai gemu da tabarau, Denis Jenkinson. Sun san ba za su iya haddace hanya kamar 'yan gida ba, sai suka yi dabara. Suka yi ta bin hanyar tun watanni kafin ranar, suna rubuta kowace kwana, kowane tudu, kowace gada, kowace mararrabar jirgi. Jenkinson ya kwafe duka a kan takarda guda mai tsawon kusan mita biyar da rabi, ya naɗe ta a cikin ɗan akwatin ƙarfe mai tagar leƙe, yana murzawa tana tafiya.

Magana fa? Ina! Ƙarar inji ba ta bari a ji ko ihu. Da hannu suke zance. Alama kaza, kwana ce ta dama mai sauƙi. Alama kaza, taka birki. Alama kaza, tudun nan da ba ka ganin bayansa, hanya miƙe take, kada ka ɗaga ƙafa. Moss kuwa ya yarda. Yana tunkarar tudu da gudun da ya haura kilomita 250 a awa, bai san abin da ke bayansa ba, sai abin da hannun abokinsa ya faɗa masa. Kuskuren layi ɗaya a takarda, shi ke nan. Wani wuri motar ta tashi sama gaba ɗaya, tayoyi huɗu a iska, kafin ta dira. Zafi da ƙaurin mai suka sa Jenkinson amai, iska ta fizge tabaransa, ya zaro wani daga aljihu ya ci gaba da murza takarda.

Sakamakon? Awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Matsakaicin gudu kilomita 157 da ɗoriya a awa, har da tsayawa shan mai, har da hawan duwatsun Futa da Raticosa. Ku tuna na farko ya yi awa 21. Wanda ya zo na biyu ya iso da ratar fiye da rabin awa, kuma ba kowa ba ne illa Juan Manuel Fangio, wanda ya zama zakaran duniya har sau biyar, shi kaɗai a cikin tasa motar. Fangio bai taɓa cin Mille Miglia ba. A 1953 ma na biyu ya zo, da sitiyarin da taya ɗaya kawai ke jin maganarsa.

'Yan Italiya suna da wata magana a kan tseren, cewa wanda ya riga kowa isa Rum ba ya riga kowa komawa Brescia. Moss ya riga kowa isa Rum. Ya kuma ci.

Motar mai lamba 722 tana hannun kamfanin Mercedes a Stuttgart. Nawa za ta yi a kasuwa? Ga ma'auni. A 2022 aka sayar da 'yar uwarta mai rufi, ɗaya daga cikin biyu kacal da aka ƙera, a kan Yuro miliyan 135. Mota ɗaya!

Shekara biyu bayan Moss komai ya ƙare. Ranar 12 ga Mayu, 1957, Alfonso de Portago na kan hanyar komawa Brescia a cikin Ferrari. Basaraken Sifen ne mai shekara 28, wanda ya yi sukuwar dawaki a Ingila, ya kuma zo na huɗu a tseren kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta 1956. Saura ƙiris ya isa, a kusa da ƙauyen Guidizzolo, tayar gaba ta fashe. Shi da abokin tafiyarsa Edmund Nelson suka mutu nan take, tare da 'yan kallo 9, biyar daga cikinsu yara. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta haramta irin wannan tsere a kan titunan jama'a. An gurfanar da Enzo Ferrari a kotu, sai a 1961 aka wanke shi. Akwai dutsen tunawa a bakin hanyar har yanzu. In kun kalli fim ɗin Ferrari na 2023, wannan ranar ce a cikinsa.

Wanda ya ci na ƙarshen shi ne Piero Taruffi, injiniya mai furfura, ɗan shekara 50. Ya yi wa matarsa alkawarin in ya ci zai daina tsere. Ya ci. Ya daina.

Shekaru suka shuɗe. Sai a 1977, da tseren ya cika 50, aka tara tsofaffin motocin aka sake bin hanyar don tunawa. Abin ya karɓu. Aka sake a 1982, 1984 da 1986. Daga 1987 ya zama na kowace shekara. Ko annobar korona ba ta soke shi ba, a 2020 ɗaga shi kawai aka yi zuwa Oktoba.

Ga abin da zai ɗaure muku kai. A Mille Miglia ta yau, wanda ya fi gudu ba ya cin komai! Daidaito ake nema. Za a ce maka, misali, daga wannan layi zuwa wancan ka yi daƙiƙa kaza. An shimfiɗa siririn bututun roba a kan kwalta, tayar gaba na taka shi agogo ya ɗauka. Ka riga lokaci, an rage maka maki. Ka makara, an rage. Kuma da me ake aunawa? Da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa! Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Irin wannan jarrabawa sama da 100 ake yi kafin a dawo Brescia. Za ka ga motar da aka ƙera don tashi sama tana rarrafe, direba ya leƙo da kai yana kallon taya, na gefensa yana ƙirga masa daƙiƙa da ƙarfi. Matsakaicin gudun da aka ƙayyade bai kai kilomita 50 a awa ba.

Tsufa ma riba ne. Akan ninka makin mota gwargwadon shekarunta da tarihinta, shi ya sa motocin kafin yaƙi suka fi ɗaukar kofi. Andrea Vesco, ɗan yankin Brescia, ya yi ta lashe gasar a jere a farkon shekarun 2020 da Alfa Romeo ƙirar 1929. A 2020 shi da mahaifinsa suka ci. Kafin shi Giuliano Canè ya ɗauka sau 10.

Kafin a tashi akwai al'adar da ba a tsallakewa. Motoci sukan yi layi a dandalin Piazza della Vittoria, a ɗaura wa kowacce 'yar waya a jikin sandar sitiyari, a matse ta da hatimin darma. A da, don kada wani ya sauya mota a hanya ake yi. Yanzu ya zama biki, jama'a cike da dandali, kowa da wayarsa a sama.

Tafiyar yanzu kwana huɗu ce ko biyar, kuma takan zarce mil dubun ma. Hanya na sauyawa duk shekara, amma Brescia da Rum ba sa motsi. Sau da yawa akan ratsa tsakiyar dandalin Siena, inda a ranar yau da kullum ba a barin mota ta shiga. 'Yan sanda a kan babura na share hanya. 'Yan makaranta na bakin titi da tutoci. Yawancin motocin ba rufi, ba na'urar sanyaya ɗaki, sitiyari kuwa sai da ƙarfin damtse. Ruwa ya sauko, a jiƙe. Rana ta buɗe, a gasu. In an sauka da tsakar dare, direba ya kwanta, bakanike ya shiga ƙarƙashin mota da tocila. Kayan gyaran motar 1929 ba a kanti suke ba, sau da yawa sai dai a ƙera sabo.

Gidan tarihin tseren ma abin kallo ne. A 2004 aka buɗe shi, a cikin wani tsohon gidan ibadar Kirista mai suna Sant'Eufemia da aka kafa a shekarar 1008. Mil dubu a cikin ginin da ya haura shekara dubu! Da yawa daga motocin da ke ciki na mutane ne, aro suka bayar, don haka in lokacin biki ya yi sai wasu su fice su tafi gudu.

Tun 1988 kamfanin agogo na Chopard ke ɗaukar nauyin bikin, kuma duk shekara yakan fitar da agogo na musamman saboda shi. Japan ta kwaikwayi bikin. Ajantina ta kwaikwaya. Har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an kai shi.

Su wa ke tuƙawa? Attajirai, tsofaffin zakarun tsere irin su Jacky Ickx, da taurarin fim. Daniel Day-Lewis ya shiga. Jeremy Irons ya shiga. A 2011 kuwa aka ga wani mutum cikin BMW 328, fuskar nan kowa ya san ta, sai dai babu 'yar tsanar beyar a hannunsa, babu 'yar ƙaramar motar nan mai kwaɗo a ƙofa. Rowan Atkinson ne. Eh, Mista Bin da kuka sani!